Giginya a Tsagar Dutse

Wani mai zane ya sa wurin kamun kifina a cikin littafi, mutane suka gani, wurin ya fita hannuna. Abin ya faru ba da jimawa ba bayan an yanke mu daga Sakkwato, lokacin da ake ta goge tsohon sunan jiha a jikin alluna ana rubuta sabo.

Ni masunci ne, ɗan masunci. A gungu aka haife ni, tsakiyar kogi. Ina yaro aka tare ruwa a Kainji, ya taso ya cinye garinmu, aka kwaso mu zuwa tudu kusa da Wara. Ban yi boko ba. Allo ma ban daɗe a kansa ba, jirgi ya fi buƙatata.

Garin namu yana nan a ƙarƙashin tafki. A bakin kasuwarsa akwai manyan tsamiyoyi, suka mutu a tsaye cikin ruwa, kifi ya mai da su gida. Giwan ruwa da ramboshi suna zaune a nan kamar an ɗaure su. Kowa ya san garin yana wani wuri can tsakiya, amma ruwa ba shi da turba, kuma in ka kauce kaɗan sai ka wuni kana jan ƙugiya babu komai. Ubana shi ya riƙe wurin. Lokacin da ruwa ke tasowa ya yi ta komawa yana kallon kawunan itatuwan suna nutsewa, har ya ɗaure wurin da alamu biyu na tudu. Ta gabas akwai giginya guda tilo, sai ta shiga daidai cikin tsagar wani dutse da ke bayanta. Ta kudu akwai wata kuka, sai ta rufe wani farin dutse har ya rage gefensa kawai. In biyun nan suka haɗu a idonka, kana saman kasuwarmu.

Ni da ƙanena ya nuna wa. Ubana ya rasu a kan shimfiɗarsa. Ƙanena ya tafi ranar da jirgin kasuwa ya hau kututture ya tsage da mu a ciki. Ni na rungumi jarkar manja har aka zo aka tsamo ni. Daga ranar wurin ya zama a kaina ni kaɗai, kuma da shi nake ci da gida.

Na san tsaronsa. Mamari doguwar igiya ce mai ƙugiyoyi da yawa, sauran masunta sukan bar gora ko kwalba tana yawo a saman ruwa don su gane inda suka sa nasu. Ni ban taɓa yi ba. Nawa nakan nutsar da shi da duwatsu, in na dawo in lalubo shi da ƙarfe mai lanƙwasa. Nakan fita ta arewa in na nufi kudu. In na hangi jirgi a bayana sai in tsaya wani wurin banza in yi ta jefa birgi, ragar nan ta jifa, har mai bina ya gaji. Matata ma ba ta san wurin ba, ba ta kuma taɓa tambaya ba.

Wanda ya fi bina maƙwabcina ne. Yana da jirgi mai inji da 'ya'ya maza ƙarti. Gaisuwarsa ta cika tsawo. Zai tambayi lafiyata da ta iyali da ta akuya, idonsa kuwa yana cikin kwandon kifina.

"Maƙwabci, wanga ramboshi ai ba na bakin gaɓa ba ne."

"Na ruwa ne," in ce da shi.

Abu ɗaya nake ɓata wa lokaci in na kai kifi Yelwa, shi ne littattafan zane. Akwai wani mai baza littattafai a tabarma kusa da masu kayan inji. Cikin tarin akwai waɗanda ake kawowa daga Kudu, tsofaffi, wasu ko bango babu, masu launi ja da shuɗi da rawaya. Kowane shafi an yanka shi gida-gida, kowane gida da abin da ke faruwa a cikinsa. Ƙattai ne masu ƙirji kamar ƙofar zaure, suna tsalle daga bene zuwa bene, suna naushin juna har bango ya rushe. Maganarsu tana rubuce cikin wasu farare kamar ƙwai a saman kansu. Ban damu da ita ba.

Dalilin da ya sa nake son su ba ɓoyayye ba ne. Rubutu sai da ɗan tsakani. In takarda ta zo maka sai ka nemi mai karantawa, kuma abin da ya ga dama shi za ka ji. Tun ranar da aka karanta wa iyayenmu takardar tashi na daina yarda da bakin mai karatu. Zane kuwa daga kai sai idonka. Mutum ya ɗaga hannu a wannan gida, a gida na gaba wani yana ƙasa yana riƙe da haɓa. Ba wanda ya nuna maka naushin, amma ka ji shi, don kai ka kai shi da kanka. Nakan sa yatsa ina bi har ƙarshe, in dawo farko, a karo na biyu sai in ga wani laɓe bayan taga tun shafin farko wanda ban lura da shi ba. Ba mai gaggauta ka. In ka so ka tsaya a gida ɗaya har shayinka ya huce.

Ba wai na yarda da ƙattan ba. Mutanen da ba ka taɓa ganin sun zauna cin tuwo ba, ba inna, ba gona, ba ka san da me suke ci da kansu ba. Ruwan da ake zanawa a ciki ma ƙarya ne, shuɗi tas, ba ciyawa ba kututture. Amma ƙaryar da ta fito fili ba ta cutar kowa. Nakan sayo ɗaya in kawo teburin mai shayi da ke bakin tashar jirage a Wara, mu masunta mu yi ta gardama a kansa, ba mai iya karanta ko harafi a cikinmu.

"Wanga mai baƙar riga mutumen kirki ne," wani ya ce. "Ba ku ga shi ya tsamo yarinyar daga wuta ba?"

"To mi ya kai shi gidan tun farko?" in ji ni.

"Kai dai ko mala'ika ya yi maka sallama sai ka duba hannunshi."

A teburin nan na fara ganin mai zanen. Siriri ne, ɗan Yelwa, ya wuce yarinta amma ban kai haihuwarsa ba. Yatsunsa kullum da fenti. Sana'arsa rubuta sunaye da addu'o'i a jikin jirage da allunan shaguna, kuma shekarar ta yi masa kyau don kowa na son a sauya masa allo. Ya leƙa littafin da muke gardama a kai, ya ce shi ma yana yin nasa. Muka yi dariya. Ya buɗe jaka ya ciro.

Ba launi. Baƙi da fari ne, 'yan takardu kaɗan, an ɗinke tsakiya da zare. Da alƙalami ya zana, ya kai wani shago mai injin fotokofi a Yelwa aka buga masa. Ba kamfani, ba ubangida. Shi ke zanawa, shi ke ɗinkewa, shi ke yawo da su kasuwa-kasuwa.

Na buɗe da niyyar raini. Shafin farko jirgi ne irin namu, da facin gwangwani a gefensa daidai inda jirage ke fara ruɓewa. Mai tuƙin yana da malafa da tsage irin na mutanen gungu. Ga mata masu banda suna kare ido daga hayaƙi. Ga ɗan kamasho yana cusa mutane da buhuna a jirgi har ruwa ya kusa kai baki. Ban taɓa ganin irinmu a takarda ba. Aka matso ana leƙe ta kafaɗata.

"Wallahi wagga ɗiyar mai ƙosai ce!" in ji mai shayi.

"Ba ita ba ce," mai zane ya ce.

"Ita ce mana, ga wushiryar nan. Bari innarta ta gani, sai ka biya sadaki."

Na ji daɗin littafin fiye da duk masu launin da na taɓa riƙewa. Amma wani abu ya dame ni. Mutumin da ya ga inda jirgi ke fara ruɓewa ba tare da an faɗa masa ba, idonsa ya yi kaifi da yawa. Na lura da haka tun ranar. Na riƙa gaishe shi daga nesa.

Da damina ta ja baya ya zo ƙofar gidana da sassafe, ya ce in haye da shi wancan gefen tafki. Akwai jirgin da zai yi wa rubutu a can, jirgin kasuwa kuwa sai jibi. Na ce a'a. Ya ce zai yi wa nawa jirgin fenti. Na ce nawa bai yi kuka ba. Matata ta yi magana daga bayan zana, ta ce baƙo ne, kuma ya tsaya a ƙofa tun ɗazu, a ji kunya.

Mamarina yana ruwa tun jiya. In na haye da shi na dawo ban duba ba, kifin zai mutu a ƙugiya ya kumbura. In na ce sai na je na dawo sannan mu tafi, rana ta yi, iska ta taso. Na kalle shi yana shiga jirgi, ya kama gefe da hannu biyu kamar tsohuwa a kan jaki. Na ce a raina ɗan birni ne, ruwa duk ruwa ne a wurinsa. Na bi da shi ta doguwar hanya, na zagaya, na sake zagayawa. Kafin mu kai tsakiya ya yi amai. Hankalina ya ƙara kwanciya, don mai amai ba ya kallon tudu.

Da muka iso wurin na tsaya, na lalubo igiya, na fara ja. Ranar giwan ruwa ne ya kama, babba, sai da na miƙe tsaye na kafa ƙafa kafin na shigo da shi. Ina juyowa na ga mutumin da takarda a kan gwiwa.

"Mi kake yi?"

"Kifin nake zanawa, Yaya."

"Kawo in gani."

Ya miƙo. Kifi ne da hannuwana biyu riƙe da igiya, sauran takardar fari fat. Na duba gaba, na duba baya. Na ce kada ya sa fuskata a cikin littafinsa. Ya ce ba zai sa ba. Na haye da shi, na sauke shi, na dawo.

Bai sa fuskata ba. Wannan alkawarin ya cika shi.

Sabon littafin ya fito bayan wasu makonni. A hannun maƙwabcina na fara ganinsa, a teburin mai shayi. Labarin wani masunci ne da ya kama wani ƙaton kifi, kifin ya yi ta jan jirginsa, daga baya ya ja shi ƙasa zuwa wani gari da ruwa ya cinye, da rumfunan kasuwa da itatuwa a tsaye. Ni ban taɓa faɗa masa abin da ke ƙarƙashinmu a ranar ba. Za a ce kowa a ƙasar nan ya san akwai garuruwa a cikin tafki. Gaskiya ne. Amma na riƙe wannan a raina.

A tsakiyar littafin akwai babban gida guda, masuncin a tsaye yana jan igiya. A bayansa, can nesa, giginya ce zaune cikin tsagar dutse. A shafin da ke kallonsa an zana shi ta wani gefen, a bayansa kuka da gefen farin dutse yana leƙowa. Mutumin da ke amai ya kwashe su duka a kansa ya kai gida.

Mu masunta ba ma kallon hoto yadda 'yan birni ke kallo. Su mutumin suke kallo. Mu in aka nuna mana jirgi a ruwa, tudun da ke bayansa idonmu ke fara nema, don mu san ina yake. Maƙwabcina ya miƙar da hannu da littafin, ya runtse ido ɗaya. Bai kalli kifin ba ko kaɗan.

Duk da haka abin bai ɓaci ba a lokacin. Giginya ta yi yawa a bakin tafki, duwatsu ma haka. Aka yi gardama a teburin, wani ya ce wajen Ngaski ne, wani ya ce ƙetare ne, mafi yawa suka ce ado ne kawai irin na masu zane, kamar shuɗin ruwan littattafan Kudu. Ba wanda ya san ni na ɗauki mai zanen a jirgi sai matata. Maƙwabcina ya ninke littafin ya sa a aljihu. Da na yi shiru, wataƙila da maganar ta mutu a nan. Ban sani ba.

Ban iya shiru ba. Na bi masu littafin da na sani na saye nasu, na cusa a murhun banda. Guda ɗaya na kasa ƙonawa. Na buɗe shi zan jefa, na ga wurin yadda ubana ya nuna mini shi, sai na sa a ƙarƙashin tabarma. Ranar kasuwa na hau mota zuwa Yelwa. Na sami mai zanen a gindin wata bishiya yana rubuta allon wani mai kantin magani.

"Wa ya aiko ka?"

"Aiko ni ina, Yaya?"

Na buɗe shafin na ɗora yatsa a kan giginyar. Ya kalla, ya kalle ni. Ko bai gane ba, ko ya iya yin kamar bai gane ba. Sai da na faɗa masa da bakina cewa wannan itacen da wancan dutsen su ne ƙofar abincina. Ya ajiye burushi.

"Wallahi ban sani ba. Abin da na gani na zana. In na bar bayan mutum fari sai ya zama kamar yana tsaye cikin ƙwaryar nono."

"Ƙattan can na Kudu ai bayansu ƙarya ne, kuma ba wanda ya mutu."

"Shi ya sa ba ka taɓa ganin kanka a cikinsu ba. Kai da kanka ka ce nawa ya fi."

Na ce ban ce ba. Ya ce fuskata ta ce.

Kafin in zo na bincika, na ji in ya je Wara a zauren surukin maƙwabcina yake kwana. Na tambaye shi wannan.

"Nan anka sauke ni, Yaya. Baƙo na zaɓen zaure?"

Na ce ya tattaro littattafan duka. Ya ce sun watsu, wasu suna Shanga, wasu suna Ngaski, wasu direbobi sun wuce da su. Sannan ya ce ga dabara. Bugun farko ya kusa ƙarewa, zai sake buga wasu. Kafin ya kai shago zai gyara shafin, ya matsar da giginyar, ya cire farin dutsen. Sabbin za su fi tsofaffin yawa, tsofaffin kuwa takarda ce, ruwa da yara za su cinye su.

Shi ya kawo wannan shawara. Ina so a riƙe wannan. Ni dai na yarda da ita.

Na bi shi ɗakinsa, na tsaya a kansa. Ya yanki farar takarda ya liƙa a kan giginyar, ya sake zana ta can gefe, nesa da tsagar. Ya shafe farin dutsen da farin fenti. Ya tambaye ni ko ya yi, na ce ya yi. Ya ce in zauna a kawo fura, na ce na ƙoshi. Da zan fita na haɗu da wata mai sarin kifi 'yar garinmu a bakin layin, ta gaishe ni, ta kalli ƙofar da na fito.

Sabon bugun ya iso Wara. Na zo teburin mai shayi na tarar wani ya sayo yana nunawa. Maƙwabcina ya sa hannu a aljihu ya ciro tsohon nasa, ya shimfiɗa su gefe da gefe a kan tebur. Mutanen da ke gane an taɓa musu ƙulli ɗaya a cikin koma, ba za a matsar musu da itace guda su kasa gani ba.

"Kai jama'a, giginya ta yi tahiya!" in ji mai shayi.

Aka fashe da dariya. Wani ya ce ƙila ita ma an yi mata sabuwar jiha.

Maƙwabcina bai yi dariya ba. "Itace ba shi tahiya sai an tura shi," ya ce. "Duk littafin ga ba abin da anka taɓa sai wagga giginya da wanga dutse. Mi zai sa mutum ya ɓata tawada kan itace, in ba itacen na faɗin wani abu ba?"

Dariyar ta tsaya.

"Kuma na ji an ce wani maƙwabcina ya kai ziyara ɗakin mai zane," ya ƙara. "Ashe kuna zumunci ban sani ba. Allah shi ƙara danƙo."

Na shanye shayina, na ajiye kofi, na tashi. Ba abin da zan ce da ba zai ƙara musu haske ba.

Daga ranar tsohon bugun ya yi daraja. Wanda ke da shi ya daina ba yara. 'Ya'yan maƙwabcina suka sa nasu a leda, suka cika tanki, suka yi ta zagaya tafki da inji, ɗaya na tuƙi ɗaya na riƙe da shafin yana gwada shi da kowane tudu. Ina ganinsu daga nesa. Na daina zuwa wurin don kada in ja su, gidana ya koma cin ƙananan kifin bakin gaɓa. Bai hana komai ba. Wata safiya na fita, na hangi jirage tsaye a tsakiyar ruwa inda ba abin da zai tsayar da jirgi. Ban ƙarasa ba. Na san inda suke.

Na je wurin sarkin ruwa, dattijon da ke raba gardamar masunta a yankinmu, shi ma ɗan gungu ne, ya san ubana. Na ce masa wurin nan kasuwar garinmu ce, ubana ya riƙe shi tun ruwa na tasowa. Ya saurare ni har na gama.

"Ɗana, ruwa na Allah ne," ya ce. "Ubanka sirri ya bar maka. Sirri kuwa in ya fita, ba ni da igiyar da zan ɗauro shi."

Na ce to a hana su sa taru, babbar ragar da ake ja, a bar shi wurin ƙugiya. Ya ce zai yi magana. Ƙila ya yi.

Suka zuba wa wurin raga iri-iri. Wasu ragarsu ta sarƙe a tsamiyoyin ta tsinke, ta zauna a ƙasa tana kashe kifi ba mai ɗauka. Jirage suka zo har daga ƙetare. Aka ci kasuwa sosai a farko, maƙwabcina ya sayi sabon jirgi. Ni ma na riƙa zuwa ina sa mamarina a gefe kamar baƙo, ana yi mini sannu da zuwa. Ba a daɗe ba kifin ya ragu, manyan suka ƙare, sauran suka watse. Wurin da ya ci da gida ɗaya tun ina yaro bai iya ci da gari ba.

Mai zanen ya zo gidana sau ɗaya bayan haka. Ya tsaya a ƙofa ya ce ya ji abin da ya faru, ya ba da haƙuri. Na sake tambayarsa wa ya aiko shi. Ya rantse da Allah ba kowa. Na tambaye shi ko ya san gyaran da ya kawo shawara zai fi ɓarnar farko muni. Ya ce da ya sani da ya yanke yatsansa. Idonsa ya kawo ruwa. Matata ta ce mutumin nan gaskiya yake faɗa. Ban ce ƙarya yake ba, ban kuma ce masa ya shigo ba.

Na juya maganar a raina shekara da shekaru. Wani lokaci in ga mutum ne kawai da Allah ya ba ido, ba ya iya ganin abu ya ƙi sa shi a takarda, kuma abin da ya sa na so littafinsa shi ne ya cuce ni. Wani lokaci in tuna zauren da yake kwana, da garin da ya zana a ƙarƙashin ruwa, da yadda dabarar gyaran ta zo bakinsa da sauri. Sabon jirgin maƙwabcina shi ya yi masa rubutu, ja da kore, har da fure a goshi. To amma jiragen tashar duka shi ke yi musu. Daga baya na ji ya koma Birnin Kebbi, an ɗauke shi aikin zana hotunan faɗakarwa. Ban sake ganinsa ba, kuma ban sami amsar ba.

Zaman Wara ya gagare ni. Kullum in fito in ga jirgin nan a tasha, in amsa doguwar gaisuwa. Na kwashe iyalina.

Yanzu ina wani ƙauye a ƙasar Shanga, bakin kogi. Kifin nan bai kai na can ba, ƙarfina ma ya ragu. Mafi yawan kwanaki gyaran koma nake yi wa mutane a ƙofar gida. In jiki ya yarda nakan fita da ƙaramin jirgi ni kaɗai, in samo na miya in dawo.